Yadda ake auna nakasa da wahalar ayyukan yau da kullum ga tsofaffi

Idan kuka kawo mahaifinku ko mahaifiyarku asibiti, za a auna jini, a duba suga, wataƙila a ɗora su a kan sikeli. Waɗannan gwaje-gwaje suna nuna irin cutar da ke jikin mutum, amma ba sa nuna yadda yake rayuwa da ita. Tsofaffi biyu za su iya zama masu shekara 75, dukansu da hawan jini da ciwon gwiwa, amma ɗaya yana zuwa masallaci da ƙafarsa sau biyar a rana, ɗayan kuwa sai an kama shi kafin ya tashi daga shimfiɗa. Wannan bambanci shi ake nufi da awon ayyukan yau da kullum. Likitocin tsofaffi suna ba shi muhimmanci kamar awon jini, domin raguwar abin da tsoho ke iya yi wa kansa takan zo kafin faɗuwa, kwanciya asibiti, ko dogon jinya.

Me ake nufi da nakasa a nan?

A maganar yau da kullum, in aka ce nakasasshe sai hankali ya tafi ga makaho, kurma ko gurgu. A asibiti ma'anar ta fi haka faɗi. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani tsari da ke kallon nakasa ta fuska uku: matsalar da ke jikin gaɓa, aikin da mutum ya kasa yi saboda ita, da kuma hulɗar jama'a da ta gagare shi. Tsarin ya kuma sa muhalli a cikin lissafi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da ke gida mai masai na tsuguno tana iya kasa zagayawa ita kaɗai, alhali da gwiwar nan tata, a gidan da ke da masai na zama, ba ta buƙatar kowa. Cutar ɗaya ce, nakasar ta bambanta. Saboda haka kada ku ji nauyin kalmar idan likita ya ambace ta. Tambayar da yake yi ita ce: me Baba ko Inna ke iya yi, me ya fara yi musu wuya, kuma me za a gyara?

Ayyuka shida na kula da kai

Ma'aunin da ya fi shahara shi ne na Katz. Dakta Sidney Katz da abokan aikinsa ne suka fitar da shi a 1963, daga aikinsu da tsofaffi masu doguwar jinya a wani asibiti a jihar Ohio ta Amurka. Yana duba abubuwa shida: wanka, sa tufafi, zuwa bayan gida, tashi daga gado ko kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci. A yadda aka fi amfani da shi yanzu, kowane aiki da mutum ke yi da kansa maki 1 ne, wanda sai an taimaka masa kuma 0. Maki 6 na nufin mutum na kula da kansa sarai, 4 matsakaiciyar nakasa, 2 ko ƙasa da haka nakasa mai tsanani.

Abin lura da Katz ya gano shi ne cewa ayyukan nan ba sa ɓacewa barkatai. Wanka ne yakan fara gagara, sai sa tufafi, cin abinci kuma shi ne na ƙarshe. Mai samun sauƙi yakan dawo da su ta baya, wato ya fara ci da hannunsa kafin ya iya wanka, kusan yadda yaro ke koyon su. Amfanin sanin wannan a gare ku shi ne: ranar da kuka ga wanka ya fara yi wa tsohonku wuya, ranar ce ta zuwa asibiti. Kada ku jira sai an kai ga ba shi abinci a baki.

An tsara ma'aunin ne a gidaje masu bahon wanka da gado mai tsawo, don haka sai an daidaita tambayoyin da rayuwarmu. Wanka a yawancin gidajenmu ya haɗa da kai bokiti banɗaki, tsuguno ko zama a kan 'yar kujera, ɗaga kofi ko moɗa sama da kai, da miƙewa a kan siminti mai santsi. Idan jika ne ke kai ruwan, wannan ba ya rage maki, domin abin da ake tambaya shi ne ko tsohon na wanke jikinsa da kansa. Haka kuma idan bayansa kaɗai ake cuɗa masa, har yanzu ana lissafa shi cikin masu iyawa. A sa tufafi, a duba ko yana iya ɗaga hannu ya zura riga ta kai, ya ɗaure mazagin wando, ya sa maɓalli. Ita kuma ko tana ɗaura zani ya zauna, ta ɗaura ɗankwali. Ɗankwali ƙaramin abu ne, amma yana buƙatar kafaɗu biyu su ɗagu, kuma sau da yawa a nan ake fara gane matsalar kafaɗa.

Tashi shi ne inda muka fi bambanta da Turai. Tsofaffinmu da yawa a kan tabarma ko katifa a ƙasa suke zama da kwanciya, kuma miƙewa daga ƙasa ta fi miƙewa daga kujera buƙatar ƙarfin cinya nesa ba kusa ba. Ku gaya wa likita ainihin inda tsohon ke kwana. Mutum na iya tashi daga kujerar asibiti cikin sauƙi a gaban likita, alhali a gida sai ya rarrafa ya dafa bango.

Riƙe fitsari kuwa shi ne abin da ba a son faɗa. Uwa ba za ta faɗa a gaban ɗanta namiji ba, uba ba zai faɗa a gaban 'yarsa ko surukarsa ba. Ku ba su wuri su yi magana da likita ko nas su kaɗai. Alamomin da za ku iya lura da su ba tare da kun tambaya ba sun haɗa da yawan canza zani ko wando, zarni a ɗaki, rage shan ruwa da gangan, da daina zuwa masallaci ko biki ba tare da wani dalili ba. Da yawa daga cikin musabbabin wannan matsala suna da magani: ciwon sanyin mafitsara, sugan da ya hau, kumburin furostet ga maza, taurin bayan gida, ko maganin hawan jini mai sa fitsari da ake sha da dare maimakon da safe.

Ayyukan tafiyar da gida da mu'amala

Kafin wanka ya gagara, akwai wasu ayyuka masu buƙatar tunani da tsari da kan fara lalacewa. A 1969 Lawton da Brody, masu bincike a wata cibiyar tsofaffi a Amurka, suka tsara ma'auni mai abubuwa takwas: amfani da waya, cefane, girki, gyaran gida, wanki, shiga abin hawa, shan magani daidai, da riƙe kuɗi. Makin daga 0 zuwa 8 ne.

Wannan ma'auni yana da tarko a gidan Bahaushe. Dattijon da bai taɓa ɗora tukunya ba tun yana saurayi, ba za a ce ya nakasa don ba ya girki ba. Hajiyar da ta aurar da 'ya'ya, surukai suka karɓi girki da wanki shekara ashirin da suka wuce, ita ma haka. Masu ma'aunin ma da farko ba sa tambayar maza girki, wanki da gyaran gida. Tambayar da ta dace ita ce: me yake yi bara da ya daina bana? Dattijo mai zuwa kasuwar ƙauye kowane mako ya yi ciniki, yanzu kuma lissafin canji na rikice masa. Tsohuwa mai riƙe adashin unguwa ta fara manta wanda ya zuba. Mai kiran 'ya'yansa a waya kullum, yanzu sai an danna masa. Mai karɓar fansho da kansa, yanzu lambar katin banki ta ɓace masa. Irin waɗannan canje-canje a kuɗi, waya da magani suna cikin alamomin farko na cutar mantuwa, ko da yake raunin gani, raunin ji da ciwon damuwa ma suna kawo su.

Magani ya fi komai haɗari a jerin nan. Ku ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwali ku kwatanta da ranar da aka saya. Idan maganin wata guda ya ƙare cikin mako biyu, ko ya kai wata biyu bai ƙare ba, akwai matsala, musamman maganin suga da na hawan jini.

Bambancin "ba ya yi" da "ba ya iyawa"

Tarbiyyarmu ta hana a bar babba ya ɗauki buta ko ya shimfiɗa darduma da kansa alhali yara na zaune. Abu ne mai kyau, amma yana ɓoye rauni. A gida mai yawan jama'a, tsoho na iya rasa rabin ƙarfinsa ba wanda ya lura, domin kafin ya miƙa hannu an miƙo masa. Su ma tsofaffin sukan amsa da "lafiya lau" ko "jiki da sauƙi, alhamdu lillahi" ko da ba haka ba ne, saboda haƙuri da gudun ɗora wa 'ya'ya nauyi. A ɗaya ɓangaren kuma, mai jinya da ya gaji yakan kambama matsalar. Shi ya sa likita zai tambayi tsohon, ya tambayi wanda ke kwana da shi, sannan ya gani da idonsa. Wanda ya kamata ya rako shi asibiti shi ne mai yi masa hidima kullum, ko da babban ɗa da ke zaune a wani gari shi ne zai biya kuɗin.

Ga Musulmi, salla ma'auni ce da ke maimaituwa sau biyar a rana, ko da yake ba ta cikin fom. Alwala na buƙatar tsuguno da kai hannu ga ƙafa. Salla na buƙatar tsayuwa, ruku'u, sujada da miƙewa daga ƙasa. Ku tuna lokacin da Baba ya koma salla a zaune, lokacin da ya daina zuwa Asuba da Isha'i a masallaci (sau da yawa gani ne ya ragu da dare), da lokacin da ya fara rikicewa a adadin raka'a. Waɗannan ranaku suna ba likita tarihin da babu gwajin da zai ba shi. Ga Kirista, daina zuwa coci ko kasa tsayawa lokacin waƙa suna ba da irin wannan labari.

Sauran ma'aunai da za ku iya gani a katin asibiti

Idan tsohonku ya samu shanyewar ɓarin jiki, a sashen gashi da motsa gaɓoɓi, wanda aka fi sani da fisiyo, za ku ji ana maganar ma'aunin Barthel. An wallafa shi a 1965. Yana da abubuwa goma, ciki har da tafiya, hawa matakala da gyaran jiki kamar wanke baki da taje kai, kuma makinsa daga 0 zuwa 100 ne. Ya fi na Katz nuna ƙananan ci gaba, domin yana bambanta mai buƙatar ɗan taimako da wanda sai an yi masa komai. Maki 100 ba ya nufin mutum zai iya zama shi kaɗai, tunda ma'aunin ba ya duba girki, kuɗi ko tunani.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da nata mai suna WHODAS 2.0, mai tambayoyi 36 da kuma gajere mai 12. Yana tambaya a kan kwana 30 da suka wuce, kuma ya shafi fahimta, motsi, kula da kai, zama da mutane, ayyukan gida da sana'a, da shiga harkokin jama'a. A ƙidayar jama'a da manyan bincike kuma ana amfani da tambayoyi shida na Rukunin Washington, a kan gani, ji, tafiya, tunawa, kula da kai da magana. Da irinsu aka yi amfani a binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018. Waɗannan na ƙirga yawan masu nakasa a ƙasa ne, ba su isa a tsara jinyar mutum ɗaya da su ba.

Gwaje-gwajen da ake gani da ido

Akwai gwaji uku masu sauƙi da ba sa buƙatar na'ura. Na farko, tsohon ya zauna a kujera mai jingina, ya tashi, ya yi tafiyar mita 3 yadda ya saba, ya juyo ya zauna. Idan yana amfani da sanda, ya riƙe abarsa. Wanda ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye yana cikin haɗarin faɗuwa. Na biyu, ya rungume hannuwansa a ƙirji ya tashi ya zauna sau biyar a jere. A tsarin kula da tsofaffi na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya kasa kammalawa cikin daƙiƙa 14 yana buƙatar ƙarin bincike. Na uku shi ne saurin tafiya: idan mita 4 ta ɗauki fiye da daƙiƙa 5, tafiyar ta yi nawa.

Kuna iya gwada na farko a gida da agogon waya, amma wani mai ƙarfi ya tsaya kusa, a jingina kujerar da bango, kuma a cire silifas mai santsi. Kada ku gwada ga mai jiri, mai ciwon ƙirji, mai haki, ko wanda bai daɗe da faɗuwa ba. A asibiti ana iya ƙarawa da awon ƙarfin damƙar hannu, gwajin raɗa a kunne, allon gwajin ido, da ba shi kalmomi uku ya riƙe a tambaye shi bayan 'yan mintuna. Za a kuma tambayi nauyinsa: raguwar fiye da kilo 3 cikin wata uku ba da niyya ba abin bincike ne.

Saurin canji ya fi makin kansa muhimmanci

Maki 4 da ya tsaya cak shekara uku daban ne da maki 4 da makon jiya yake 6. Idan cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki tsoho ya kasa tashi, ya rikice, ya fara sakin fitsari, ya daina ci, ko barci ya yi masa yawa, ku kai shi asibiti a ranar. Kada ku ce tsufa ne ko gigin tsufa. Jikin tsoho sau da yawa ba ya nuna cuta da zazzaɓi ko ciwo, sai dai da irin wannan faɗuwar ƙarfi. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, ciwon mafitsara, faɗuwar suga, ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafin bazara ko azumi, da sabon magani mai sa barci duk suna iya zuwa a haka. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, ko sarƙewar harshe alamun shanyewar ɓarin jiki ne, kuma ba a jiran gari ya waye. Wanda ya buga kansa a faɗuwa, sannan bayan makonni ya fara rikicewa ko tangaɗi, yana iya kasancewa jini ne ya taru a cikin kai, kuma ana yin aikinsa.

Raguwa a hankali cikin watanni ba ta gaggawa ba ce, amma ita ma tana buƙatar bincike. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki. Dattin kunne da ya toshe ana wanke shi. Ƙarancin jini, ciwon damuwa, amosanin gaɓɓai, ciwon zuciya da rashin haƙoran tauna duk ana iya rage tasirinsu.

Kwanciya asibiti ita kanta tana cin ƙarfi. Bincike a ƙasashen da suka auna ya nuna kusan ɗaya cikin uku na masu shekara 70 zuwa sama suna fita asibiti sun rasa wani aiki da suke iyawa kafin rashin lafiyar, ko da cutar da ta kawo su ta warke. Shi ya sa ranar da aka kwantar da tsohonku ya kamata ku gaya wa ma'aikata yadda yake mako biyu kafin ya kwanta, kuma ku tambaya yaushe za a fara zaunar da shi da taka ƙafa.

Abin da ake yi da sakamakon

Kowane aiki da aka samu ya yi wuya yana da nasa gyaran. Mai wahalar tsuguno a samar masa kujerar bayan gida mai rami da ake ɗorawa a kan masai, a kafa ƙarfen kamawa a bango. Mai wahalar wanka a ba shi kujera mai tsawo mara santsi. Mai kwana a ƙasa a ɗaga masa shimfiɗa zuwa tsawon da ƙafarsa za ta taɓa ƙasa in ya zauna. A rage tsawon dokin ƙofa, a kawar da igiyar wuta da tabarmar da ta naɗe, a ajiye tocila da fo kusa da shimfiɗa saboda dare. Sanda ta zama daidai tsawon wuyan hannu in mutum ya tsaya ya saki hannunsa, kuma a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar mai ciwo.

Inda tsohon ke iyawa, ku bar shi ya yi, ko da zai ɗauki lokaci. Tsoka da ba a aiki da ita tana zubewa da sauri a wannan shekaru. Za ku iya kawo ruwan ku tsaya kusa, shi ya yi alwalarsa. Idan aka tura ku fisiyo, motsa jikin ƙarfafa cinya da daidaita tsayuwa yana amfani har ga masu shekara 80 da 90.

Makin yana kuma gaya wa iyali yawan hidimar da ke gabansu. Tsoho mai maki 2 a ma'aunin Katz yana buƙatar mutum dare da rana, da juya shi duk bayan sa'a biyu idan ba ya iya juyawa, don gudun gyambon kwanciya. Wannan ba aikin mace ɗaya ba ne, ko matarsa ce ko surukarsa. Ku zauna ku raba kwanaki da kuɗi, kuma idan mai jinyar ta fara rashin barci, ciwon baya ko yawan kuka, ita ma a kawo ta a duba ta.

Asibitocin da ke da sashen tsofaffi na musamman ba su da yawa a Najeriya. Cibiyar tsofaffi ta asibitin koyarwa na Ibadan, wadda aka buɗe a 2012, ita ce ta farko. Amma likitan iyali, nas ko ma'aikacin fisiyo a kowane babban asibiti zai iya cike ma'aunin Katz da na Lawton cikin minti goma zuwa sha biyar. Ku nemi a rubuta makin da kwanan wata a kati, a maimaita aƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma bayan kowace faɗuwa, kwanciya asibiti ko canjin magani. Ranar zuwa, ku taho da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da waɗanda aka saya a kemis, tare da tabaransa, sandarsa da takalmin da ya saba sawa a gida.